Biyetnam: Yaƙin da Ya Ƙi Fita Daga Gona

A lardin Quang Tri da ke tsakiyar ƙasar Biyetnam, cikin darussan da ake koya wa 'yan firamare akwai wanda ba ya cikin manhajar yawancin ƙasashen duniya: in ka ga wani ƙarfe mai tsatsa a gona, ko a bakin rafi, ko a bayan gida bayan ruwan sama ya zaizaye ƙasa, kada ka taɓa shi, kada ka jefe shi da dutse, ka lura da wurin ka ruga ka gaya wa manya. Su kuma manyan akwai lambar wayar da suke kira, ba a jima ba sai ga motar masu kwance bam ta shigo ƙauyen.

Manyan bama-bamai, masu nauyin kilo 200 ko fiye, da sauƙinsu ta wani fanni, domin kowa ya gani ya san mutuwa ce kwance. Wanda ya fi cin rayuka shi ne ƙaramin, ɗan dunƙule da bai wuce gwaba ba, wanda yaro zai ɗauka ya cika masa tafin hannu. Jirgin sama kan saki wani babban kwanso, kwanson ya buɗe tun yana sama, ya watsa ɗaruruwan irin waɗannan 'yan dunƙule a kan fili mai faɗi. Kowane ɗaya cike yake da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da aka yi don su huda naman mutum. Masana sun ƙiyasta cewa har kashi 30 cikin 100 ba su tashi ba ranar da aka jefa su. Suka nutse cikin laka, suka yi shekara 50 suna jiran fartanya, ko garma, ko hannun yaro.

Cire su aikin haƙuri ne. Ma'aikata, maza da mata, sukan ja igiya su yanka gona gida-gida, kowa ya bi layinsa da na'urar gano ƙarfe, taku bayan taku. Na'urar na yin ƙara sai a durƙusa, a soma tono daga gefe da ɗan ƙaramin cebur, ana share ƙasa da hannu a hankali. Sau tari ƙusa ce ko guntun ƙarfe. In kuwa shi ne, ba a ɗaga shi, don ko juya shi aka yi yana iya tashi. Sai a kewaye shi da buhunan yashi, a ɗora masa nakiya, a bi gari da lasifika ana shela kowa ya janye, a kora ɓaunayen noma can nesa, sannan a tayar da shi a inda yake. Washegari a koma layi na gaba.

Alƙaluman lardin sun nuna cewa daga 1975 zuwa yau irin waɗannan ragowar makamai sun kashe ko sun nakasa mutum sama da 8,500 a Quang Tri kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. A ƙasar baki ɗaya gwamnati na cewa sama da 40,000 sun mutu, wajen 60,000 sun jikkata, kuma kusan kashi 18 cikin 100 na faɗin ƙasar akwai ragowar makamai a cikinsa. Duk waɗannan bayan an ce yaƙi ya ƙare ne. Da yawa cikinsu 'yan gwangwan ne na shekarun 1980, lokacin da yunwa ta kama ƙasar, waɗanda ke tono bam su yanka shi da zarto don su sayar da ƙarfen da albarushin da ke ciki. Sun san abin da suke taɓawa sarai. Talauci ne ya tura su.

Faransa ta fara, Amurka ta gada

Quang Tri ta sha wannan azaba ne saboda inda Allah ya ajiye ta. A nan kogin Ben Hai yake, wanda aka mayar iyaka tsakanin Arewa da Kudu a 1954. Kafin a kai ga wannan iyaka kuwa sai an koma zamanin Faransa, wadda ta mallake Biyetnam da Laos da Kambodiya tun ƙarni na 19, ta haɗe su wuri ɗaya ta kira su Indosin, tana kwasar roba da shinkafa da gawayin kwal.

Mutumin da ya zama jagoran 'yanci, Ho Chi Minh, ya bar ƙasar a 1911 yana aikin kicin a wani jirgin ruwan Faransa. Ya ratsa tashoshin jiragen ruwa na Afirka, ya ga yadda ake yi da baƙar fata a can, daga baya a birnin Faris ya haɗu da 'yan wasu ƙasashen da Faransa ke mulka suka riƙa buga jaridar Le Paria suna tona asirin mulkin mallaka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta mamaye ƙasar, aka yi wata muguwar yunwa a 1944 da 1945 da ta kashe ɗaruruwan dubban mutane a Arewa, wasu ma na cewa sun haura miliyan. Da Japan ta miƙa wuya, ranar 2 ga Satumba 1945 Ho Chi Minh ya tsaya a dandalin Ba Dinh na Hanoi ya ayyana 'yancin kai. Ya buɗe jawabinsa da kalmomin da ya aro daga takardar ayyana 'yancin Amurka, ya kuma rubuta wa Shugaba Truman wasiƙu yana neman goyon baya. Ba a ba shi amsa ba. Faransa ta dawo da jiragen yaƙi, ta yi wa tashar Haiphong luguden wuta a Nuwamba 1946, a Disamba yaƙi ya ɓarke.

A nan labarin ya taɓo mu kai tsaye. Faransa ba ta tura 'ya'yanta masu hidimar soja ta dole zuwa wannan yaƙi ba. Ta dogara da ƙwararrun sojojinta, da sojojin haya na ƙasashen waje, da 'yan ƙasar da ke gefenta, da kuma dubun-dubatar samarin Afirka daga Maroko da Aljeriya da Senegal da Mali da Nijar da Chadi da sauransu. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya yi aikin soja a Indosin yana saurayi. Haka Sangoulé Lamizana na ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, da Gnassingbé Eyadéma na Togo, da Jean-Bédel Bokassa na Afirka ta Tsakiya. An kwashi talakan da ake mulka an kai shi ya yaƙi wani talakan da ke neman fita daga mulkin. Sakayyar da suka samu ita ce a 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu, suka yi shekaru kusan 50 suna karɓar wani ɗan abu daga abin da takwarorinsu Turawa ke karɓa. Wasu sojojin Maroko kuwa sauya sheƙa suka yi, suka koma wajen Viet Minh, mayaƙan Ho Chi Minh, suka yi aure a can, suka zauna a Ba Vi kusa da Hanoi har 1972. Ƙofar da suka gina da fasalin ginin ƙasarsu tana nan tsaye.

Yaƙin ya zo ƙarshe a kwarin Dien Bien Phu. Janar Henri Navarre na Faransa ya girke sojoji a cikin kwarin, da tunanin Viet Minh ba za su iya hawo da igwa bisa duwatsun da ke kewaye ba. Abokin karawarsa, Vo Nguyen Giap, tsohon malamin tarihi ne da bai taɓa shiga makarantar horon hafsoshi ba. Ya sa aka jawo igwogi da igiya a kan tsaunuka cikin dare, 'yan dako dubbai suna turo shinkafa da harsasai a kan kekunan da aka ƙara wa ƙarfi, keke guda na ɗaukar kilo 200 ko fiye. Daga 13 ga Maris 1954 aka soma wuta, ranar 7 ga Mayu sansanin ya faɗi, aka kama fursunoni sama da 10,000, waɗanda ƙasa da rabinsu ne suka koma gida da rai. Duk ƙasashen da ke ƙarƙashin Turawa sun ji wannan labari. Bayan wata shida, ranar 1 ga Nuwamba, Aljeriya ta ɗauki makami.

A taron Janiba na Yulin 1954 aka raba ƙasar biyu na wucin gadi, Arewa a hannun Ho Chi Minh da 'yan gurguzu, da sharaɗin a yi zaɓen haɗewa a 1956. Ba a yi zaɓen ba. Ngo Dinh Diem, wanda Amurka ta tsaya wa a Kudu, ya ƙi, kuma shi kansa Shugaba Eisenhower ya rubuta daga baya cewa masu sanin ƙasar sun gaya masa Ho Chi Minh ne mafi rinjayen jama'a za su zaɓa. Amurka, wadda a shekarar ƙarshe ita ke biyan kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yaƙin Faransa, ta riƙe aƙidar cewa in Biyetnam ta faɗa hannun 'yan gurguzu, maƙwabtanta za su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ta kalli ƙasar da idon rigimarta da Tarayyar Sobiyet da Sin, ta manta cewa mutanen nan sun yi shekaru kusan 1,000 ƙarƙashin Sin suna bore, kuma ba su shirya karɓar sabon ubangida ba.

Lissafin gawa

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an ja shi ba. Diem ya tsananta wa 'yan addinin Buda, har wani malaminsu, Thich Quang Duc, ya cinna wa kansa wuta a titin Saigon, babban birnin Kudu, a Yunin 1963. A Nuwamba hafsoshinsa suka kifar da shi suka kashe shi, da sanin Amurka game da juyin mulkin. A Agustan 1964 aka ce an kai wa jiragen ruwan Amurka hari sau biyu a Mashigin Tonkin. Na farko ya faru. Na biyu, wanda da shi aka samu amincewar majalisar Amurka ta faɗaɗa yaƙin, bai faru ba, kuma takardun hukumar leƙen asirin Amurka da aka saki a 2005 sun tabbatar da haka. Sanatoci biyu kacal suka ƙi. A Maris 1965 sojojin ƙasa na Amurka suka sauka a Da Nang, zuwa 1969 sun haura 540,000.

Tun da yaƙin ba shi da fagen daga guda, sai kwamandan Amurka Janar Westmoreland da manyansa suka ɗauki yawan gawa a matsayin ma'aunin nasara. Kwamandan da ya kawo adadi mai yawa shi ke samun yabo da ƙarin girma. Aka ware yankuna aka ce duk abin da ya motsa a cikinsu abokin gaba ne. Kowa ya san inda irin wannan lissafi ke kaiwa.

Ya kai ga My Lai. Safiyar 16 ga Maris 1968 wata rundunar Amurka ta shiga wannan unguwa ta ƙauyen Son My a lardin Quang Ngai, da labarin akwai mayaƙa. Suka tarar da mata da tsofaffi da yara suna shirin karin kumallo. Cikin 'yan sa'o'i suka kashe mutum 504 bisa lissafin Biyetnam, 347 bisa lissafin sojan Amurka. Da yawa an tara su ne a cikin wani lambatun ban ruwa aka buɗe musu wuta. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya hango abin daga sama. Ya sauke jirginsa tsakanin sojojin ƙasarsu da wasu 'yan ƙauye da suka ɓuya a rami, ya ce wa yaran jirginsa biyu in sojojin suka harbi mutanen nan su ma su harbe su. Ya sa aka kwashe su. Da suka tashi, ɗaya daga yaran nasa, Glenn Andreotta, ya ga motsi a lambatun, suka sake sauka, ya kutsa cikin gawawwaki ya ciro yaro da rai. An rufe maganar sama da shekara guda kafin ɗan jarida Seymour Hersh ya fasa ta a Nuwamba 1969. Mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftana William Calley. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, Shugaba Nixon ya sa aka mayar da shi ɗaurin talala a gida, bayan shekara uku da rabi ya fita. Thompson kuwa zagi da wasiƙun barazana ya sha, sai a 1998 aka ba shi lambar yabo.

Gaskiya ba ta da ɓangare, don haka dole a faɗi na ɗaya gefen. A gyaran mallakar filaye da Arewa ta yi a tsakiyar shekarun 1950 an kashe dubban mutane da sunan su masu gonaki ne azzalumai, har Ho Chi Minh ya fito ya amsa cewa an yi kuskure. A farmakin sabuwar shekara na Tet a 1968, lokacin da mayaƙan gurguzu suka riƙe birnin Hue kusan wata guda, sun bi gida-gida da jerin sunaye. Bayan sun janye aka tono gawa kusan 2,800 a kaburburan bai ɗaya. Manomin Kudu ya kasance tsakanin wuta biyu: da rana sojan gwamnati na tuhumarsa da ciyar da 'yan tawaye, da dare 'yan tawaye su zo karɓar shinkafa da ɗansa.

Tet ta karya gwiwar jama'ar Amurka, waɗanda aka yi ta gaya wa nasara ta kusa. Tun kafin nan, a Afrilun 1967, Muhammad Ali ya ƙi amsa kiran shiga soja, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe sama da shekara uku a lokacin ganiyarsa. A watan nan ne kuma Martin Luther King ya fito fili ya la'anci yaƙin. A 1970 dakarun tsaro suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State ta Amurka yayin zanga-zangar adawa da yaƙin. Duk da haka wankin hula ya kai Amurka dare: ta faɗaɗa wutar zuwa Kambodiya, ta kuma ci gaba da ruwan bam a Laos, inda daga 1964 zuwa 1973 ta zuba tan sama da miliyan 2 a ƙasar da ba ta taɓa ayyana yaƙi da ita ba. Jimillar abin da aka jefa a ƙasashen uku ya haura tan miliyan 7, fiye da ninki uku na abin da Amurka ta jefa a Yaƙin Duniya na Biyu.

A can Quang Tri kuwa, mutanen ƙauyen Vinh Moc, a arewa da kogin Ben Hai, da suka ga babu mafita sai suka haƙa gari a ƙarƙashin ƙasa, hawa uku, da rijiya da ɗakin taro da ɗakin haihuwa. Jarirai 17 aka haifa a cikinsa. A 1972 aka yi kwana 81 ana kare jini biri jini a kan tsohuwar ganuwar garin Quang Tri, har garin ya zama tarin ɓaraguzai. Samari da yawa, ciki har da ɗaliban jami'a daga Hanoi, kogin Thach Han ya tafi da su suna ƙoƙarin tsallakawa. Shi ya sa har yau tsofaffin sojoji da iyalai ke zuwa su saki furanni a ruwan.

Bayan an ajiye makamai

Aka sa hannu kan yarjejeniyar Faris ranar 27 ga Janairu 1973, Amurka ta janye sojojinta, 'yan ƙasa suka ci gaba da yaƙar juna har ranar 30 ga Afrilu 1975 da tankokin Arewa suka ɓalle ƙofar fadar shugaban ƙasa a Saigon. A 1995 gwamnatin Hanoi ta ce ta rasa mayaƙa miliyan 1.1, fararen hula kuma wajen miliyan 2 a Arewa da Kudu. Sojojin Kudu sama da 200,000 sun mutu. Amurka ta rasa sama da 58,000.

Waɗanda suka ci yaƙin ba su yi sassauci ba. Aka kira tsofaffin hafsoshi da ma'aikatan gwamnatin Kudu aka ce su zo da guzurin kwana goma ko wata guda don a wayar musu da kai. Ɗaruruwan dubbai suka shiga sansanonin, wasu sai bayan shekara goma ko fiye suka ga gida. Mutum kusan 800,000 suka tsere ta teku cikin ƙananan jiragen kamun kifi suka isa wasu ƙasashe tsakanin 1975 da 1995, ban da ɗimbin da ruwa ya ci ko 'yan fashin teku suka hallaka. 'Ya'yan da sojojin Amurka suka haifa suka bari, musamman masu baƙar fata, sun tashi cikin gori da tsangwama. Ga takunkumin Amurka, ga yaƙin Kambodiya a ƙarshen 1978 da ya kawar da gwamnatin Pol Pot, ga harin Sin a 1979, ga gonakin gama-kai da suka kasa ciyar da jama'a. Sai a 1986 jam'iyyar gurguzu mai mulki ta sassauta, ta bar manomi ya noma ya sayar. Cikin 'yan shekaru ƙasar da ke layin karɓar shinkafa ta shiga sahun manyan masu fitar da ita. Yau ita ce ta biyu a duniya wajen noman kofi, wayoyin Samsung masu yawa a can ake haɗa su, kuma ɗanyen kashun da ake lodi daga Najeriya da Gana da Kwaddebuwa, kaso mai tsoka masana'antun Biyetnam yake nufa.

Amurka ta ɗage takunkumi a 1994, aka maido da hulɗar jakadanci a 1995, a 2023 Shugaba Biden ya je Hanoi aka ɗaga dangantakar zuwa matsayi mafi girma. Ɗaya daga sharuɗɗan sulhun shi ne Biyetnam ta taimaka a nemo ƙasusuwan sojojin Amurka da suka ɓata, kuma ta taimaka. Waɗanda suka rage ba su kai 1,600 ba, kowanne da sunansa da fayil ɗinsa. Na Biyetnam da ba a san inda suke kwance ba sun kai tsakanin 200,000 da 300,000, ban da sojojin Kudu da ba a ma sa su a lissafi. A al'adar mutanen nan wannan babban ciwo ne, domin suna ganin wanda ya mutu nesa da gida ba a binne shi yadda ya kamata ba, ransa ba ya samun natsuwa. Sojan Amurka ya san haka, har ya riƙa sa kukan fatalwa a lasifika cikin daji da dare don ya tsorata mayaƙa. Wata tsohuwa a tsohon lardin Quang Nam, Nguyen Thi Thu, 'ya'yanta maza tara yaƙe-yaƙen biyu suka ci. Ta rayu har ta haura shekara 100.

Abin da aka fesa

Bam, ko ba komai, na'ura na iya gano shi. Akwai gadon da ya fi shi wuyar sha'ani, kuma shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Daga 1962 zuwa 1971 jiragen Amurka sun yi ta shawagi ƙasa-ƙasa suna feshin maganin kashe tsiro a Kudancin Biyetnam da gefen Laos, lita kusan miliyan 75. Manufa biyu ce: a kakkaɓe ganyen daji don kada mayaƙa su samu maɓoya, a kuma ƙone amfanin gona don kada su samu abinci, wanda a aikace yunwar ta fi faɗa wa manomi. Fiye da rabin abin da aka fesa shi ne wanda ake kira Agent Orange, saboda ɗamara mai ruwan lemu da ake zana wa durominsa. Haɗin magani biyu ne. Ɗaya shi ne 2,4-D, wanda manoman shinkafa da masara a ƙasashenmu suna fesawa har gobe. Matsalar tana cikin ɗayan, 2,4,5-T, wanda in an dafa shi da gaggawa da zafi mai yawa yakan fito da wata guba mai suna dayoksin, ɗaya daga mafiya muni da ɗan Adam ya taɓa haɗawa. Kamfanoni irin su Dow da Monsanto suna ta sauri su cika odar ma'aikatar tsaro, kuma takardun da suka fito a kotu daga baya sun nuna tun 1965 masanan kamfanonin sun zauna sun tattauna haɗarin gubar a tsakaninsu.

Dayoksin ba ta narkewa a ruwa. Takan manne wa ƙasa, ruwan sama ya wanke ta zuwa ƙasan tafki, ta kwanta cikin laka. Kifi da agwagwa su ci daga lakar, gubar ta taru a kitsensu, mutum ya ci, ta zauna a jikinsa shekaru, uwa ta shayar da ita ga jariri. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum tsakanin miliyan 2.1 da miliyan 4.8 suna zaune a ƙauyukan da aka fesa. Masu bincike daga Kanada da suka yi aiki a kwarin A Luoi a shekarun 1990 sun gano cewa wuraren da suka fi haɗari yanzu su ne tsofaffin sansanonin jiragen sama, inda aka ajiye duromin, aka yi ta zubarwa ana wanke tankuna: Da Nang, Phu Cat, da Bien Hoa wanda ya fi kowanne. Mutane sun yi shekaru suna kamun kifi a tafkunan da ke gefensu ba su sani ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar na cewa mutum wajen miliyan 3 ne ke fama da larurar da ta danganta da gubar, ciki har da yara aƙalla 150,000 da aka haifa da nakasa. A asibitin haihuwa na Tu Du da ke tsohon Saigon an buɗe sashe na musamman don irin waɗannan yara: wasu ba hannu, wasu ba idanu, wasu da kumburarren kai. Iyayensu sun tsufa, kuma tambayar da ke hana su barci ita ce wa zai ɗauki yaron in sun mutu.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sojojin Amurka da suka yi feshin, ko suka kwana a dajin da aka fesa, su ma suka soma ciwo. Suka kai ƙara, a 1984 kamfanonin suka biya dala miliyan 180 ba tare da amsa laifi ba. A 1991 majalisar Amurka ta yi doka, kuma yau duk tsohon sojan da ya taka ƙasar Biyetnam a lokacin, in ya kamu da ɗaya daga cututtukan da aka jera, wasu nau'o'in ciwon daji, ciwon suga, ciwon karkarwar jiki, ciwon zuciya, ana biyansa ba sai ya kawo hujjar cewa feshin ne sanadi ba. Har 'ya'yansu da aka haifa da tsagewar ƙashin baya an sa su ciki. Wannan daidai ne, haƙƙinsu ne. Amma da 'yan Biyetnam suka shigar da tasu ƙarar a New York a 2004, alƙalin da ya jagoranci sulhun 1984, Jack Weinstein, ya kore ta a 2005, yana cewa maganin ciyawa ne aka fesa, ba makami mai guba da dokar duniya ta haramta ba. Kotun ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar a 2009. Game da nakasar jarirai kuma gwamnatin Amurka na cewa kimiyya ba ta tabbatar ba. Ba a musun cewa tabbatar da sanadin ciwon mutum guda abu ne mai wuya. Sai dai wanda ya yi shekara ɗaya a wurin an yi masa uzurin rashin hujja, wanda aka haifa a wurin, ya sha ruwan wurin, ya ci kifin wurin shekara 40, shi aka ce ya kawo hujja. Ban ga yadda za a kira wannan adalci ba.

Ba a ce ba a yi komai ba. Daga 2007, da ƙoƙarin Sanata Patrick Leahy, majalisar Amurka ta soma ware kuɗi don tsabtace wuraren da tallafa wa naƙasassu, da sunan jinƙai, ba diyya ba. A Da Nang an tara gurɓatacciyar ƙasa cikin wani ƙaton gini aka gasa ta da zafin digiri 335 har gubar ta mutu, aikin da ya ci dala miliyan 110 ya ƙare a 2018. Su ma 'yan ƙasar ba su zauna jira ba: dajin bakin teku na Can Gio da feshi ya mayar fako, da hannu suka sake dasa shi tun 1978, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake karewa a 2000. A Quang Tri, haɗin gwiwar hukumomin lardin da ƙungiyoyi irin su MAG da PeaceTrees da Project RENEW, wanda wani tsohon sojan Amurka Chuck Searcy na cikin waɗanda suka kafa shi a 2001, ya sa an samu shekarun da aka wuce ba a rasa rai ko ɗaya ba. Aikin Bien Hoa, mai ƙasa wajen ninki huɗu na Da Nang, an soma shi a 2019 da shirin shekara goma. A farkon 2025, da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, aikin ya tsaya na ɗan lokaci da tarin ƙasa mai guba a buɗe ga damina na ƙaratowa, masu kwance bam su ma aka ce su ajiye kayan aiki, kafin daga baya a sake sakin kuɗin. Abin da aka bayar da sunan kyauta, ranar da mai bayarwa ya ga dama yana iya janyewa.

Saura ƙara guda. Tran To Nga, wadda aka haifa a 1942, 'yar jarida ce ta ɓangaren 'yan gwagwarmaya lokacin da feshin ya sauka a kanta a yankin Cu Chi a 1966. 'Yarta ta fari ta rasu tana da wata 17 da ciwon zuciya, sauran biyun suna da larura, ita kanta tana fama da ciwon daji da ciwon suga. Da yake tana da takardar zama 'yar Faransa, a 2014 ta maka kamfanonin a kotun garin Evry. A Mayun 2021 kotun ta ce ba ta da hurumi, domin kamfanonin umarnin gwamnatin wata ƙasa suka bi. A Agustan 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta tabbatar da wannan hukunci. Shekarunta sun haura 80, kuma ta sa lauyoyinta su wuce da maganar kotun ƙolin Faransa.